Yadda Ake Shirya Yawon Keke a Hanyoyin Burji na Bayan Garin Legas

Duk wanda ya tashi a Kura ko Kadawa ya san daɗin tuƙa keke a bakin kanal da sassafe. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina a 1974, yana gudu a gefenka, shinkafa da tumatir sun shimfiɗu iya ganinka, ba ka jin komai sai ƙarar tsakuwa ƙarƙashin taya. Da na zo Legas na zauna a Agege, sai da na yi shekaru ban hau keke don nishaɗi ba, saboda tsakanin danfo, wato ƙananan bas-bas na haya, da tirela mutum ransa kawai yake karewa. Daga baya na gano irin waccan hanyar tana nan a jihar, sai dai ba ta cikin gari. Dole ka ɗauki kekenka ka kai shi inda take. Ga yadda nake yi.

Da farko, cire ranka daga kanal-kanal na cikin birni. A Holan da Ingila da Faransa, hanyar bakin kanal wurin masu keke ce. A Ingila dawakai ne suke jan jiragen kaya ta wannan gefen a da, shi ya sa hanyar take a miƙe ba hawa ba gangara, kuma a kudancin Faransa mutane na bin kanal ɗin Midi mai tsawon kilomita 240, wanda aka buɗe a 1681. Namu na Legas magudanan ruwan sama ne, bakinsu shara da gine-gine da sauro. Abin da za ka nema shi ne hanyoyin gona da na bakin rafuka a gefen jiha.

Ɓangare biyu na fi sani, kuma ƙasarsu ba iri ɗaya ba ce. Ta gabas, idan ka wuce Ikorodu ka nufi Imota, inda aka buɗe babban injin cashe shinkafa a watan Janairun 2023, har Agbowa da Itoikin da Epe, jar ƙasa ce mai marmara. Tana da ɗan hawa da sauka amma taya na kama ta sosai, kuma za ka ratsa gonakin rogo da masara da kwakwar manja. Ta yamma, wajen Badagry, ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce kamar faranti, ga bishiyoyin kwakwa ga ruwa ko'ina, amma yashi ya yi yawa. Sabon hannu ya fara da gabas. Yashin Badagry yana cinye ƙarfin ƙafa ta yadda kilomita biyar za ta zame maka kamar ashirin.

Mataki na biyu shi ne zana hanya tun kana gida, kuma a nan nake ɓata mafi yawan lokacina. Buɗe Google Maps ka juya shi zuwa hoton tauraron ɗan'adam. Kwalta tana fitowa baƙa ko toka-toka, hanyar burji kuwa ja ko ruwan ƙasa, yashi kuma fari. Bi jan layin da yatsanka ka ga inda ya kai. Idan ya ƙare a wani fili fari fat mai faɗi a bakin ruwa, wurin haƙar yashi ne, ka bar shi, domin tifa ce ke mulkin wannan hanyar tun asuba, kuma direban tifa ba ya ganin mai keke cikin ƙurar da shi kansa ya tayar. Idan layin ya ratsa koren fili ya haɗa ƙauye da ƙauye, wannan ce taka. Ka kula da inda ya ɓace cikin duhun kore sannan ya sake ɓullowa, yawanci fadama ce ko rafi, wataƙila akwai gadar katako, wataƙila sai da kwalekwale. Hoton kuma yana iya zama tsoho. Legas na cin daji da sauri, inda ka ga gona a waya kana iya tarar da katanga da ƙofar ƙarfe. Saboda haka ka tanadi hanya ta biyu, kuma ka sauke taswirar a wayarka don ta yi aiki ko babu intanet.

A fitar farko kada ka wuce kilomita 20 zuwa 25, zuwa da dawowa. A kan burji mutum mai matsakaicin ƙarfi yana yin kamar kilomita 12 zuwa 15 a awa, ban da tsayawa.

Sannan ka tambayi mutane. Wannan ya fi taswira. 'Yan'uwanmu masu acaɓa da suka koma gefen gari bayan an hana babur a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022 sun san kowace 'yar hanya. Haka masu sayo kayan gwari da masu kiwo. Wata rana a wata tasha kafin Agbowa na nuna wa wani dattijo mai shayi layin da na zana, ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya ce, "Ɗana, nan ba ka bi. Gadar ta karye tun damina. Ka bi bayan makarantar firamare, za ka ga rijiya, ka yi dama." Na ce, "Baba, akwai mota a can?" Ya ce, "Sai dai mai ɗaukar rogo, shi ma sai ranar kasuwa." Hanyar da ya nuna mini har yau ita na fi so.

Mataki na uku, keken kansa. Ba sai ka sayi mai tsada ba. Keken gwanjo mai giya da kauri a taya ya wadatar. Abin da ya fi muhimmanci shi ne faɗin taya: milimita 38 zuwa 45 ya yi wa burji daidai, tayar keken hawan dutse mai inci biyu kuma ta fi dacewa da yashi. Siririyar tayar tsere ba ta wannan aikin ba ce. Mu da muka saba da keken ɗaukar kaya muna son a ɗura iska har taya ta yi tauri kamar dutse, to a kan tsakuwa wannan kuskure ne. Taya mai tauri tana tsalle, tana zamewa a kwana, tana kuma gajiyar da hannu da ƙugu. Rage iskar har idan ka danna da babban yatsa da ƙarfi ta ɗan lotsa. Kada kuma ka rage ta wuce kima, don idan ka daki dutse bakin gargare zai cije tiyub ya yi masa huda biyu a jere.

Kwana ɗaya kafin tafiya ka kai shi wurin mai gyara ya duba birki, ya ɗaure wayoyin taya, ya daidaita giya. Sarƙa a goge ta a sa mai kaɗan, a share ragowar da tsumma, saboda mai da yawa ƙura yake tarawa ta zama kamar kwaɓin siminti. Sirdi ya kai tsayin da idan feda ta sauka ƙasa gwiwarka za ta kusa miƙewa. Yawancinmu ƙasa-ƙasa muke barinsa, daga nan ciwon gwiwa yake farawa.

Kayan tafiya ba su da yawa: tiyub guda, famfo, kayan faci, sifana, hular kwano, da kuɗin hannu ƙanana domin a ƙauye ba ko'ina ake karɓar tura kuɗi ta waya ba. Ruwa aƙalla lita biyu. Zafin Legas ba irin na Arewa ba ne, iskar a jiƙe take, gumi ba ya bushewa, mutum yana zubar da ruwan jikinsa bai ankara ba. Nakan zuba ɗan gishiri da sukari a gora ɗaya, in sa dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu.

Mataki na huɗu, lokaci da yadda za ka isa. Daga Nuwamba zuwa Maris hanyoyin a bushe suke. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ne sosai, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Jar ƙasa idan ta sha ruwa tana manne wa taya har ta ƙi juyawa, don haka in an kwana ana ruwa ka ɗaga tafiyar. Asabar ko Lahadi, ka yi sallar asuba ka fito. Kada ka tuƙa daga Agege ko Mile 12 zuwa Ikorodu a kan babban titi, duk amfanin abin ya tafi. Cire tayar gaba, ka sa keken a bayan mota, ko ka yi ciniki da direba tun kafin ka loda, ka biya kuɗin kaya. In kun kai ku uku ko huɗu, ku haɗa ku yi shatar mota ta jira ku. Ni ban yarda mutum ya shiga hanyar da bai sani ba shi kaɗai. Ka gaya wa na gida inda ka nufa da lokacin dawowarka, ka kuma riƙe lambobin gaggawa na jihar, 112 da 767.

Na biyar, tuƙin. Sassauta riƙon kan keke, ka ɗan lanƙwasa gwiwar hannu, ka bar shi ya nemi hanyarsa. Ka taka birki kafin kwana, ba cikinta ba, kuma ka fi dogara da na baya a inda tsakuwa take a sake. In ka shiga yashi, sauko da giya, ka mayar da nauyinka baya, kada ka daina feda kuma kada ka juya kan keken da ƙarfi. Kududdufin da ba ka ga ƙasansa ba, sauka ka tura ta gefe. Gadar katako ma haka.

Ka tuna a ƙasar mutane kake. Maganar fili a bayan garin Legas tana da zafi, baƙo mai ɗaukar hoton gona ana iya zaton mai auna fili ne aka turo. Ka rage gudu idan ka shigo ƙauye, ka gaida manya da Yarbanci ko da "E kaaro" ne kawai, wato ina kwana, manomi a bakin aiki ka ce masa "E ku ise", wato sannu da aiki. Idan aka tsayar da kai, sauka daga keken ka cire tabarau ka yi bayani a natse, in an ce sai ka ga Baale, wato mai garin, ka je. Kada ka ratsa cikin shuka, kada ka tsinki ko mangwaro ɗaya ba ka tambaya ba.

Da ƙarfe goma sha ɗaya ka kasance ka juyo. In ka isa gida, tun kafin jar ƙasar ta bushe a jikin keken, ka wanke shi da bokiti da soso, ka tsane sarƙar ka sake sa mata mai, domin iskar Legas mai gishiri tana sa ƙarfe tsatsa cikin kwana biyu. Sannan ka buɗe taswirar ka yi alama a inda ka sami ruwan sha, da inda gada ta karye, da inda mai faci yake zama, ka tura wa abokan tafiyarka kafin fita ta gaba.