Darasi na Tara: Hasashen Kamfanin BP da Lissafin Ribar Jari

A fara karantawa da babbar murya, sannan kowa ya ɗauko alƙalami da takarda.

BP kamfanin mai ne na ƙasar Birtaniya, hedikwatarsa tana Landan. Irin waɗannan kamfanoni kan tara masu hannun jari su faɗa musu ganga nawa suke sa ran haƙowa nan gaba, da kuma inda za su zuba kuɗi. Wannan hasashe ne, yana canjawa idan kasuwa ta juya.

A watan Agustan 2020, lokacin da annobar korona ta karya farashin mai, shugaban kamfanin, Bernard Looney, ya ce kafin 2030 za su rage man da gas ɗin da suke haƙowa da kashi 40 cikin 100, su karkata ga lantarkin hasken rana da na iska. A shekarar, BP ya tafka asarar dala biliyan 5.7. Sai Rasha ta afka wa Yukiren a 2022, ganga ta haura dala 100, kamfanin ya kwashi ribar dala biliyan 27.7. A Fabrairun 2023, kashi 40 ya koma 25. Bayan shekara biyu, magajin Looney, Murray Auchincloss, ya janye maganar ragewa ɗungurungum. Ya ce a 2030 za su riƙa haƙo ganga miliyan 2.3 zuwa 2.5 a rana, in an haɗa mai da gas, kuma wajen dala biliyan 10 za su riƙa zubawa a fannin duk shekara. Sabon makamashi kuwa aka bar shi da dala biliyan 1.5 zuwa 2 a shekara.

Me ya jawo haka? Lissafi ne. A 2023 BP da bakinsa ya ce yana sa ran ribar kashi 15 zuwa 20 daga sababbin ayyukan mai da gas, amma kashi 6 zuwa 8 kawai daga lantarkin rana da iska. Rubuta wannan: a kowace dala 100, ɗaya tana kawo 20 a shekara, ɗaya tana kawo 8. Raba 100 da 20, ka sami shekara 5. Raba 100 da 8, ka sami shekara 12 da rabi. A ƙiyasce, wannan ne lokacin da uwar kuɗi za ta dawo.

Wani zai ce ai rana kyauta take fitowa. Haka ne, amma faifan sola da wayoyi da fili ba kyauta ba ne, kuma kusan duk kuɗin tun farko ake biyan su, galibi da bashin banki. Daga 2022 kuɗin ruwa ya tashi a Amurka da Turai. Wanda ya ranto a kan kashi 6 ya ci ribar 8, biyu ce tasa. Ga shi kuma wutar akan sayar da ita ne a kan farashin da aka yi yarjejeniya na shekaru masu yawa: ba ta faɗuwa warwas, ba ta kuma tashin gwauron zabi.

Kada kashi 20 ɗin nan ya ruɗe ka. Rijiyar mai tana ja baya kowace shekara, sai an yi ta haƙa sababbi, farashi kuma ba a hannun kamfani yake ba. Hayaƙin da ke ɗumama duniya ma ba ya cikin wannan lissafi.

Aikin gida: wani mai shagon cajin waya ya sa sola ta naira 600,000, ya daina sayen fetur ɗin janareta na naira 20,000 a wata. Wata nawa zai yi kafin kuɗinsa su dawo? Idan bayan shekara biyu sai ya canja batir na naira 120,000, sake lissafin. A kawo amsa a zama mai zuwa.