Shiga dajin Sakkwato da aikin itatuwa: kayan aiki, sadarwa da horo

A gandun dajin da ke nesa da gari, abin da ke sa ƙaramar matsala ta zama babba shi ne tazarar da ke tsakanin mutum da taimako. Saran gatari a ƙafa cikin birnin Sakkwato aikin ɗinki ne na rabin awa. Irin wannan saran a wani fegi da ke arewacin Tangaza ko Gada, inda babur zai yi awa uku cikin rairayi kafin ya hau kwalta, yana iya zama ajalin mutum. Saboda haka duk shirin da za a yi, daga abin da za a ɗaura wa babur zuwa wanda za a bari a gida yana jiran waya, a auna shi da tambaya ɗaya: idan abu ya faru da ƙarfe sha biyun rana, awa nawa za a yi kafin a kai ga likita?

Aikin kansa ya ƙaru tun da aka kafa hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa ta ƙasa, mai kula da shirin dashen itatuwa don tare hamada, a 2015, Sakkwato kuma tana cikin jihohi 11 da shirin ya shafa. Akwai dashe da damina, akwai share layin tare gobara da kaka, akwai sassabe da rage rassa da ƙidayar itatuwa da rani. Kowane lokaci da irin haɗarinsa.

Ruwa kafin komai

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40. Mai haƙa rami ko saran itace a irin wannan rana yana bukatar lita 6 zuwa 8 na sha kaɗai, ban da alwala da girki da wanke rauni. A yi lissafin lita 10 ga kowane mutum a wuni: mutum shida ke nan jarka uku masu lita 20, sannan a ƙara ta huɗu wadda ba a taɓa ta sai babur ya lalace ko an kwana ba shiri. A naɗe jarkokin da jiƙaƙƙen buhun algarara a ajiye a inuwa. Kada a jira ƙishirwa. Kofi ɗaya duk bayan minti 20 ya fi a ɗaɗɗaki lita guda a tashi ɗaya. A riƙa duba fitsari, idan ya koma ja-ja kuma ya yi kaɗan, jiki ya fara bushewa.

A tafi da ƙunshin ORS, wato haɗin gishiri da sukari da ake sha idan jiki ya rasa ruwa. In babu, a haɗa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Aiki mai nauyi a fara shi bayan asuba a tsaya da hantsi, wajen sha ɗaya, a koma bayan la'asar. Idan aikin ya faɗo cikin azumi a lokacin bazara, shugaban tawaga ya rage shi zuwa na safiya kawai.

Kayan hannu da na jiki

Adda, gatari, barandami, dagi, diga, shebur da fartanya su ne ginshiƙin aikin, kuma kowa ya san su. Abin da ake mantawa shi ne magagari da ƙota ta ajiya. Adda mara kaifi ita ce ke zamewa daga jikin reshe ta sauka a ƙwauri, gatari mai sako-sako kuma kan fice ya tashi. A jiƙa ƙotar da daddare don ta kumbura ta kama, domin iskar hunturu tana busar da itace har ya saki ƙarfe. Ramin dashe na yau da kullum santimita 30 ne faɗi, tsawo da zurfi, kuma tazarar mita 3 kowane gefe tana cin dashe 1,111 a hekta. A yanka sanda mai tsawon mita 3 da wata mai santimita 30 a ba kowane mai haƙa, ya fi a yi ta jan tef.

Takalmi ba abin sassauci ba ne. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa suna ratsa silifa da takalmin roba. A nemi but mai kaurin ƙasa wanda ya rufe idon sawu, da dogon wando mai kauri, da safar hannu ta fata. Malfa ga mai dashe, hular kwano ga duk wanda ke ƙarƙashin itacen da ake sara.

Injin zarto

Yawancin injunan da ake kawowa suna shan fetur haɗe da man tustirok, kashi 50 da 1: mililita 100 na mai a lita 5 ta fetur. A duba littafin injin, domin wasu masu araha suna bukatar mai fiye da haka. Zuba baƙin man mota a madadinsa, ko haɗawa da ƙiyasin ido, shi ke sa fistin ya ƙone ya maƙale. A haɗa na 'yan kwanaki kawai, saboda haɗin da ya daɗe a jarka cikin zafi yana lalacewa. Man sarƙa tankinsa daban, a cika shi duk lokacin da aka zuba fetur. Da hunturu a kakkaɓe matatar iska kullum. Idan ƙura ta toshe ta, injin zai yi ta hayaƙi ƙarfinsa ya ragu. A wasa haƙoran sarƙa da zagayayyen magagari daidai da girmanta, a kusurwar digiri 30. Alamar dakushewa a fili take: maimakon ɓarɓashi sai injin ya riƙa fitar da gari.

Wajen kayar da itace, a fara yanka baki a gefen da ake so ya faɗi, zurfinsa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin gindin. Sannan a yanka ta baya, ɗan sama kaɗan da ƙasan bakin, a bar tsakiya da ba a yanke ba kamar kashi ɗaya cikin goma na kaurin. Wannan saurar ita ce linzamin itacen. Wanda ya yanke ta ya sallama wa iska. Kafin a tayar da inji a share hanyar gudu ta baya a karkace, kuma kowa ya ja nesa ninki biyu na tsawon itacen. Kada a taɓa itace da saman hancin zarton, nan ne yake harbowa zuwa fuska. Ba a yanka sama da kafaɗa, ba a kuma aiki da shi mutum ɗaya. Takardar izinin sara daga ofishin gandun daji ta kasance a aljihu.

Babur kuwa, a ɗaura masa tub biyu, faci, famfo, fulogi, mahaɗin sarƙa da sifana 10, 12 da 14. Ba a shiga da babur ɗaya. A kuma tambayi dokar hawa babur da ɗaukar fetur a jarka a ƙaramar hukumar, don takan canza da yanayin tsaro.

Sadarwa

A nan aka fi yin sakaci, kuma a nan ya kamata a fi tsanantawa. Kafin a tashi, a zaɓi mutum ɗaya da zai zauna a gari, aikinsa jiran waya. A bar masa takarda mai ɗauke da sunayen masu tafiya, lambobin babura, hanyar zuwa da ta dawowa, ƙauyen ƙarshe da za a ratsa, da lokacin dawowa. A ɗaure lokutan kira da salla don ba a manta su: kira idan an isa, kira da azahar, kira da la'asar. A rubuta masa abin da zai yi idan kira bai zo ba. Bayan minti 30 ya nemi kowa a layukansa. Bayan awa ɗaya ya kira mai garin ƙauyen da ya fi kusa ya roƙi a leƙa. Bayan awa biyu ya sanar da ofis da jami'an tsaro. Idan ba a rubuta wannan ba, abin da ke faruwa shi ne ya yi ta cewa ƙila sabis ne har magariba ta yi.

Kowace tawaga ta riƙe layuka biyu ko uku na kamfanoni daban-daban. A ranar farko a gano tudun da sabis ke kamawa a yi masa alama. Mutanen ƙauye da makiyaya sun san shi, a tambaye su. Saƙon tes yakan fita a inda kira ba ya shiga. A Illela, Gada, Gudu da Sabon Birni waya takan tsallaka ta kama sabis na Nijar ta cinye kati, don haka a saita ta a kan zaɓen layi da hannu. A inda sabis ke da rauni waya tana cin batir wajen nemansa, gara a sa ta a yanayin jirgi a buɗe lokacin kira. Ƙaramar waya mai madannai ta fi jure zafi da ƙura, tana kwanaki ba caji. Babbar a bar ta don taswira. Kada a bar waya ko fawa-banki a rana kan tankin babur. A kuma tuna cewa a 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda tsaro, don haka tsarin da ya dogara ga sabis kaɗai bai cika ba.

GPS na waya, wato abin da ke nuna inda mutum yake a taswira, ba ya bukatar sabis, amma sai an sauke taswirar yankin tun a gari. Kowa ya koyi karanta lambobin wuri, wato lambar arewa da ta gabas da GPS ke nunawa. A Sakkwato lambar arewa tana farawa da 11, 12 ko 13, ta gabas da 4, 5 ko 6. Wanda ya ji akasin haka ya san an juya su. Kuskure a lamba ta biyu bayan ɗigo ya haura kilomita ɗaya a ƙasa, shi ya sa ake tura su a rubuce, in kuma da baki ne mai karɓa ya maimaita.

Tsakanin ma'aikata a fili, oba-oba mai wat 5 tana kai kilomita 3 zuwa 5 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ƙasa da haka a kwari. A danna, a ɗan dakata, sannan a yi magana a taƙaice. Kowa na iya saurarenta, saboda haka ba a faɗin wuri, kuɗi ko lokacin tashi a fili. A sa wa wurare sunayen da tawaga kaɗai ta sani. Oba-oba da wayar tauraron ɗan'adam irin Thuraya kayan da ke jawo zargi ne a shingen bincike, a nemi izini a rubuce, a sanar da jami'an tsaron yankin, a tafi da katin shaida. Usur kuma kowa ya rataya: busa uku a jere na nufin a kawo ɗauki.

Duk waɗannan na'urori ba su kai labarin mutanen wuri ba. A gaida uban ƙasa da hakimi, a gabatar da kai ga arɗo, a ɗauki ɗan gari a matsayin jagora a biya shi haƙƙinsa. Gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni da dajin Gundumi, da kuma Tangaza da Gudu, sun sha fama da 'yan bindiga. Idan mai gari ya ce yau kada a shiga, an fasa, ko da an riga an zuba mai. Kada a riƙe lokaci ɗaya da hanya ɗaya kullum, a kuma fita daga dajin da sauran rana.

Horo

Horon da ke amfani shi ne wanda aka yi da hannu a harabar ofis kafin a fita, aka kuma maimaita shi farkon kowane zango. Aƙalla mutum biyu a tawaga su iya taimakon farko, don kada wanda ya iya ya zama shi ne a kwance.

Tsayar da jini: a danne raunin da tsabtataccen ƙyalle da ƙarfi minti goma ba ɗagawa, in ya jiƙe a ƙara wani a kai. Ba a zuba ƙasa, toka ko man birki. Bugun zafi: wanda ya fara sambatu ko tangaɗi, jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a cire masa riga, a kwara masa ruwa ana fifita, a nufi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi. Ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa.

Saran maciji ya fi bukatar a nanata, domin abin da aka saba yi shi ke ƙara ɓarna. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, don haka tsaga wurin da reza buɗe ƙofar zubar jini ce. Ba a tsotsa, ba a ɗaure da roba tamau, baƙin dutse kuma ba ya zuƙe dafi. A cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda kamar karaya, a ɗauki mutumin kada ya taka, a rubuta lokacin da abin ya faru. Farasitamol kawai za a ba shi, ban da asfirin da diklofenak. Idan kumurci ya yi tofi a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa. Tun kafin tafiya a bincika asibitin da ke da allurar kashe dafi a ajiye, domin ba kowane ke da ita ba. A gwada ɗaukar majinyaci a babur, shi a tsakiya wani a baya yana riƙe da shi, har kowa ya iya.

Gobara kuma da kaka ake shirya mata. A share layi mai faɗin mita 5 ko fiye kewaye da dashe a Oktoba zuwa Nuwamba, kafin ciyawa ta bushe, a faɗaɗa gefen arewa maso gabas inda iskar hunturu ke fitowa. Idan wuta ta tashi, ana bugunta daga gefe da ɗanyen reshen darbejiya ko sabara, ana tura ta cikin inda ya riga ya ƙone. Ba a tarar gabanta. Mutum ɗaya ya tsaya ba ya bugu, aikinsa kallon iska da ƙirga mutane, kuma idan ya busa usur kowa ya ja baya zuwa inda ya ƙone.

Sabon ma'aikaci ya yi mako biyu yana bin tsohon hannu kafin a ba shi gatari shi kaɗai. Injin zarto kuwa sai ya iya kwance shi, ya wasa sarƙa, ya kuma kayar da ƙananan itatuwa a gaban mai koyarwa zuwa inda aka kafa masa turke.