Yadda na raba ganyen sitibiya da ɗaci

Saboda Inna na shuka sitibiya a bayan gida, tun da likita ya ce ta rage sukari. Asalin tsiron daga Faragwai yake a Kudancin Amurka, kuma ganyensa ya fi sukari zaƙi nesa ba kusa ba. Amma zoɓon farko da na haɗa mata, kurɓa ɗaya ta yi ta ture kofin. Ɗaci ya danne zaƙin. Abin ya dame ni ƙwarai.

Ashe kuskure biyu na yi. Na bar shukar ta fitar da fararen furanninta, alhali da zarar ta yi fure ganyen ya fara rasa daɗinsa. Irin gajeren yinin da muke da shi a Zariya kuwa saurin fure yake sa ta. Yanzu duk toho na fure da na gani sai in tsinke kan reshen, ita kuma ta ƙara rassa da ganye.

Na biyu, tafasa ganyen nake yi tare da zoɓon. Na daina. Nakan shanya shi ya bushe ƙarau, in jiƙa kaɗan a ruwan zafi na minti 5, in tace, sannan in zuba. Jiya Inna ta shanye har ta nemi ƙari.