Matakan Shigo da Naman Shanu Daga Ƙasar Waje

Da farko, tambayi hukumar kula da lafiyar dabbobi ko an yarda a shigo da nama daga ƙasar da kake son saye. Ɓullar ciwon baki da kofato kan sa a rufe ƙofa nan take.

Sannan ka karɓi takardar izini kafin ka biya ko sisi.

Sayi naman daga mayankar da hukuma ta amince da ita. Likitan dabbobi na gwamnatin can zai ba da shaidar lafiya, kuma dole lambar hatimin kwantena ta zo daidai da wadda ke takardar shaidar. Nan ne 'yan kasuwa da yawa ke tuntuɓe.

Daskararren nama ya zauna a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili har ya iso.

Sanar da jami'an iyaka da wuri, kuma kada ka ɓalle hatimin sai sun duba.