Yadda ake shirya zaman koyon zanen kwararar fenti ga masu farawa

Zanen kwararar fenti ba ya buƙatar buroshi ko gwanintar hannu. Ana dama fentin akirilik ne, wato fentin da ake sirkawa da ruwa wanda ke zama kamar roba idan ya bushe, har ya yi ruwa-ruwa, a zuba shi a kan allo, sannan a riƙa karkata allon a hankali har launuka su bi juna su malale. Mai zane ɗan ƙasar Meziko, David Alfaro Siqueiros, ya gwada irin wannan zubi a ɗakin koyarwar da ya buɗe a birnin New York a shekarar 1936, kuma Jackson Pollock, mai zane ɗan Amurka da ya shahara daga baya, yana cikin matasan da suka halarci wurin. Abin da ya sa salon ya dace da zaman jama'a shi ne, wanda bai taɓa zana ko da kwano ba yana iya tashi da abin da zai rataya a ɗakinsa, matuƙar mai shirya zaman ya kula da abubuwa biyu, wato kaurin fenti da wurin shanya.

Mutum shida zuwa takwas sun isa ga mai koyarwa ɗaya. A shimfiɗa leda mai kauri a kan tebur da ƙasa, a tanadi kofunan roba, da tsinken damawa, da safar hannu, kuma a sanar da mahalarta tun kafin ranar cewa su zo da tufafin da ba su damu da su ba, domin akirilik idan ya bushe a jikin yadi ba ya fita da wanki. Ga mai farawa, farin tayil mai faɗin santimita 20 ya fi allon kanbas sauƙin kuɗi, kuma kimanin mililita 80 zuwa 100 na damammen fenti zai rufe shi har gefuna.

Damawa ita ce zuciyar aikin, kuma ina ba da shawara mai shirya zaman ya yi ta da kansa tun da dare, domin kumfar da ta shiga fentin ta samu lokacin kwantawa. Ruwa zalla ba ya isa, saboda yana raunana danƙon da ke riƙe launi, sai zanen ya dusashe ko ya tsattsage. Ana amfani da ruwan haɗi na musamman irin na Liquitex ko Floetrol, amma inda ba a samun su, farin gam na kafintoci yana aiki: a haɗa kashi biyu na gam da kashi ɗaya na ruwa, sannan a zuba kashi biyu na wannan haɗin a kan kashi ɗaya na fenti. Gwajin kauri kuwa da ido ake yinsa. A ɗaga tsinke daga cikin kofi, a duba ko fentin yana zubowa da zare ɗaya mara yankewa kamar zumar da ta sha rana, ya ɗan yi tudu a saman kofin na daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin ya nutse. Idan yana ɗiga kamar ruwa ya yi tsululu, idan kuma yana faɗowa gutsure-gutsure a ƙara masa ruwa kaɗan-kaɗan. Dole ne dukkan launukan su zo kauri ɗaya.

Hanyar da ta fi dacewa a fara da ita ita ce ta kifa kofi. Kowa ya zaɓi launi uku haɗe da farin fenti, ya zuba su ɗaya bayan ɗaya a kofi guda ba tare da juyawa ba, ya ɗora tayil a bakin kofin, ya kifa su tare, ya jira kamar minti ɗaya, sannan ya ɗaga. Daga nan sai karkatawa zuwa kusurwa huɗu, ba tare da gaggawa ba. Ƙananan da'irori masu kama da idanu da ke ɓullowa suna fitowa ne daga bambancin nauyin launuka, domin farin fenti na titaniyam yana da nauyi, yana nutsewa ya tura masu sauƙi sama, kuma ɗigo biyu na man silikon, wani mai ne mai santsi da ba ya garwaya da fenti, a cikin launi ɗaya ko biyu yana ƙara yawansu. A gargaɗi mahalarta game da haɗa ja da kore, ko shuɗi da ruwan lemo, a kofi ɗaya, don yawan karkatawa yana mayar da su launin laka.

Na fi son a riƙa kifa kofi ɗaya bayan ɗaya, sauran suna tsaye suna kallo, maimakon kowa ya duƙufa a kan nasa. Lokacin da aka ɗaga kofi fenti ya bazu, shi ne lokacin da baƙin da ba su san juna ba suke fara magana, kuma mai jin kunya yana samun ƙarfin gwiwa idan ya ga na gabansa ya yi. Abinci da abin sha kuwa a ajiye su a wani tebur dabam, nesa da kofunan fenti.

Kada a bar kowa ya tafi da aikinsa a ranar, komai roƙonsa. Zanen yana buƙatar kwana ɗaya zuwa uku a kwance, a ɗora shi a kan kofuna huɗu da aka kife, a wuri mai daidaito, domin idan teburin ya ɗan jirkice fentin zai tsiyaye gefe guda cikin dare. A lokacin hunturu matsalar biyu ce, ƙura da busasshiyar iska wadda ke sa saman fentin ya bushe ƙasansa yana ɗanye, har ya dare. Maganin shi ne a kashe fanka, a rufe taga, a kife babban kwali a kan kowane zane. Bayan mako uku zuwa huɗu sai a goge ragowar man silikon da tsumma mai ɗan ruwan sabulu, a bari ya bushe, sannan a shafa banish, wato ruwan da ke kare zane ya kuma sa shi ƙyalli. Ragowar fentin da ya zuba a leda kuwa a bar shi ya bushe a ɓare shi a jefa a shara, kada a wanke shi cikin magudanar ruwa.