Yadda zaka dasa tarko ka ga ƙwarin dake rayuwa a ƙarƙashin duwatsun daji

Duk wanda ya taɓa ɗaga dutse a wuri mai laima ya san ɗan ƙwaron nan mai ruwan toka, bayansa falle-falle kamar sulke, wani in ka taɓa shi sai ya dunƙule. Masana suna kiran danginsa isopoda, kuma asalinsa ɗan uwan ƙaguwa ne da jatan lande, ƙafafunsa 14, yana numfashi da wasu 'yan faya-fayai a ƙasan cikinsa waɗanda dole su kasance da danshi, shi yasa in ka bar shi a rana ba ya jimawa yake mutuwa. To wanda kake gani a sama kaɗan ne daga cikin labarin. A gangaren dutse mai daji, inda duwatsu suka farfashe suka taru shekara da shekaru ganye da ƙasa suka rufe su, akwai 'yan kafofi tsakanin dutse da dutse, ba haske, danshi baya yankewa, zafi da sanyi basa canzawa sosai. A 1980 ne masanin halittu Christian Juberthie da abokan aikinsa suka yi bayanin wannan muhalli a tsaunukan Firenis na Faransa, bayan sun samu irin halittun da ake zaton sai a kogo suke zama. Mutum bazai iya shiga ba, sai dai tarko ya shiga maka.

Wani tarko da ake amfani dashi wasu masana biyu 'yan Ostiriya ne, Schlick-Steiner da Steiner, suka fito dashi a 2000, masu bincike a Sulobakiya kuma sun yi aiki dashi sosai a dazukan tsaunukan Kafeshiya na Turai. Ɗalibin bayoloji da zai iya zuwa gangare irin na Kagoro zai iya haɗa shi da kayan kasuwa. Ka samu fayif na roba irin na masu aikin famfo, tsawon santimita 110, faɗi kamar santimita 10, ka huda shi zagaye-zagaye da ramuka na kamar milimita 8, layin farko a santimita 5 daga sama, na biyu a 15, haka kake ƙara goma goma har 95. Sai kofunan roba goma da zasu shige cikin fayif ɗin cif-cif, ka jera su a jikin rodi guda ta tsakiya, kowane kofi bakinsa ya tsaya daidai ƙarƙashin layin ramukansa. Ka kula da wannan cif-cif ɗin, don in akwai rata ƙwaron sama zai zurma kofin ƙasa, kai kuma ka rubuta cewa a zurfi ka same shi, aikin ya lalace baka sani ba.

Haƙan ramin shine wahalar, kuma nan ne nake ganin ake gane mai aikin gaske. Ka zaɓi tsakiyar gangare inda inuwa take, ba hanyar da ruwa ke kwarara ba. Ka shimfiɗa leda ko buhu guda uku ko huɗu, ganyen sama daban, baƙar ƙasar dake bi masa daban, duwatsu masu ƙasa-ƙasa daban, tsurar duwatsun ƙasa daban. In ka kai mita ɗaya da ɗan wani abu ka tsayar da fayif, sai ka mayar da komai yadda ka same shi, na ƙasa ya koma ƙasa na sama ya koma sama, kar ka danna kar ka tattake, don waɗannan kafofin su ne hanyar ƙwarin, in ka toshe su da ƙasa kofunan ƙasa zasu fito fayau ka ɗauka ba komai a wurin alhali kai ne ka rufe ƙofa. Ka sa safar hannu mai kauri da takalmi rufaffe, gindin dutse gidan kunama ne da maciji, kuma kafin ka sa diga ka nemi izinin mai unguwa ko ma'aikatan gandun daji.

Bayan haka ka rufe bakin fayif da murfi ka bar shi wata guda ba komai a ciki, wurin ya huce. Sannan ka zuba ruwan adanawa, wato wanda zai hana ƙwarin da suka faɗa ciki ruɓewa, a kofuna, kamar kashi ɗaya cikin uku. Masu bincike sun yi amfani da fomalin ko ruwan sanyaya injin mota, amma na injin yana da zaƙi kuma guba ne ga dabba da yaro, ni dai na fi son ruwan gishiri mai kauri da ɗigon sabulun ruwa, sai dai ka riƙa dubawa duk sati biyu zuwa uku kar ƙwarin su ruɓe.

Ranar dubawa ka jawo rodin a hankali, ka juye kowane kofi a kwalbarsa da sifirit kashi 70, ka rubuta zurfi da kwanan wata da fensir a takarda ka jefa ciki, biro narkewa yake a sifirit. Kofunan sama sune zasu cika, isopoda, ƙadandoniya, shanshani, gizo-gizo, ƙananan ƙwari masu tsalle. Kana yin ƙasa adadin na raguwa amma kamannin na canzawa, can zaka nemi farare fat marasa ido, irin su Mesoniscus graniger da aka sani a Kafeshiya. Ka duba cikin matan isopoda da madubin ƙara girma, wata zaka ganta da jakar ƙwai a ƙarƙashinta, jarirai kuma ƙafa 12 gare su sai sun yi saɓa sannan ƙafafun su cika 14. In ka ga wanda rabinsa fari rabinsa toka ba cuta bace, saɓa yake, bayansa yake fara tuɓewa sannan gaba.

Ka bar tarkon ya ga damina ya ga rani, kuma ka dasa aƙalla uku a gangare ɗaya da 'yar tazara don ka samu abin kwatantawa. In ka gama ka zare fayif ɗinka, ka tafi da ruwan da ka juye a jarka, ramin kuma ka cike shi da duwatsun wurin.