Yadda Ake Kai Yara Bikin Hunturu a Dandalin Wasanni Ba Tare da Sanyi Ya Ɓata Ranar Ba

A da, yawancin manyan dandalolin wasanni na ƙasashen da ke fama da tsananin sanyi sukan rufe ƙofa da zarar ganyen itatuwa ya fara zuba, sai kuma yanayi ya sassauta a sake buɗewa. Lambun Tivoli da ke birnin Kofanhagan na ƙasar Danmak, wanda aka buɗe tun 1843, ya shafe fiye da shekara 150 kafin ya soma bikin Kirsimeti a 1994. Efteling na ƙasar Holan ya bi sahu a 1999, sannan Europa-Park na Jamus a 2001. Yanzu daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Janairu, irin waɗannan wurare kan cika da fitilu masu ado, da rumfunan sayar da tsarabe-tsarabe, da filayen zamiya a kan ƙanƙara, da jerin gwanon masu kiɗa. Abin da nake so duk uwa ko uba su riƙe shi ne, abu biyu ke mulkin wannan rana: lokacin faɗuwar rana, da jikin ƙaramin yaron da ke cikin tafiyar. Wanda ya tsara ziyararsa a kan waɗannan biyun zai dawo da yara cikin murna, wanda kuwa ya tsara ta a kan yawan lilon da za a hau, da wuya bai dawo da mai kuka a kafaɗa ba.

Ku fara da sanin irin wurin da za ku je, domin ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A jihar Filorida ta Amurka hunturu ba shi da zafin kai, har ma dusar ƙanƙarar da ake watsawa a titin shiga Magic Kingdom, dandalin wasanni na kamfanin Disney, kumfar sabulu ce, saboda haka a gargaɗi yara kada su buɗe baki su tare ta. A arewacin Turai kuwa sanyi na gaske ne, wanda kan sauko ƙasa da digiri 0 a ma'aunin Salshiyas. Haka nan tsarin tikiti ya bambanta. A wasu wuraren tikitin yini ya haɗa da duk shagalin dare, a wasu kuma bikin dare yana da nasa tikitin daban. A Magic Kingdom, a dararen da ake bikin Kirsimeti na musamman, mai tikitin yini kan bar wurin da ƙarfe 6 na yamma, bikin kuma ya kankama da ƙarfe 7. Babu takaici irin a ce an jira fitilu tun safe, ana kunna su a nuna wa iyali hanyar fita.

Game da zaɓen rana, makon da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara shi ne mafi cunkoso a kusan ko'ina, domin makarantu na hutu kuma ma'aikata sun samu sarari. Idan da hali, ranakun aiki na ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba sun fi sauƙi, ado dai ɗaya ne, layi kuma gajere. A duba kalandar wurin da kyau kafin a biya kuɗin masauki, saboda wasu ba sa buɗewa kullum a wannan lokaci. Europa-Park, alal misali, yakan rufe ranakun 24 da 25 ga Disamba.

Sai batun lilo, wanda nan ne ran yara ya fi ɓaci idan ba a shirya su tun daga gida ba. Yawancin manyan jiragen nan masu hawa tudu su gangara kwari da gudu ba injin da ke tura su a tsawon hanya. Ana jan su zuwa ƙololuwa ne a sake su, nauyinsu ya ƙarasa aikin. Idan sanyi ya yi tsanani, man da ke cikin ƙafafun yakan yi kauri, tayoyin su ƙage, gudun ya ragu har a ji tsoron kada jirgin ya kasa haye tudu na gaba ya tsaya a tsakiya. Shi ya sa wurare da dama ba sa tayar da wasu daga cikinsu idan zafin iska ya sauko kusa da digiri 5, kuma shi ya sa za ku ga ana ta zagayawa da jirgin babu kowa a ciki da safe don ƙafafun su ɗumama. Lilon ruwa kuwa galibi a rufe yake, sauran kuma iska mai ƙarfi ko ƙanƙara kan dakatar da su ba sanarwa. Ku zauna da yaran kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, ku duba jerin abubuwan da za su yi aiki a shafin wurin, kowane yaro ya zaɓi abu ɗaya da ya fi so da kuma madadinsa. A auna tsawon kowa a gida, domin wasu lilon sai wanda ya kai wani tsawo ake bari ya hau, ma'aikacin da ke riƙe da sandar awo ba ya sauraron roƙo, kuma gaskiyarsa ce.

Tufafi su ne rabin nasarar wannan rana, don haka zan ɗan tsaya a kansu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jibga wa yaro babbar rigar sanyi guda ɗaya a kan rigar auduga a ce an gama. Yaro ba ya zama wuri ɗaya: zai yi gudu ya yi gumi, audugar ta sha gumin ta riƙe, sannan a tsaya a layi na rabin awa, jiƙaƙƙiyar rigar ta koma tana zuƙe ɗumin jikinsa. Abin da ya dace shi ne sutura hawa uku. Ta jikin fata ta kasance ta ulu ko ta zaren roba mai saurin bushewa, ta tsakiya mai kauri da ke riƙe ɗumi, ta waje kuma wadda iska da ruwa ba sa ratsawa. Amfanin wannan tsari shi ne, idan aka shiga ɗakin kallo mai ɗumi sai a cire hawa ɗaya ko biyu, a mayar lokacin fita. Wanda ya zauna a ɗaki mai ɗumi da dukan kayansa, zai fito da gumi ya haɗu da iska, kuma daga nan matsala ke farawa.

Ƙafa ta fi komai saurin jin jiki, domin tsayuwa a kan daɓen siminti ko dutse mai sanyi na jan ɗumi ta tafin takalmi. A sa takalmi mai kaurin ƙasa wanda ruwa ba ya shiga, kuma mai ɗan sarari, saboda safa biyu a cikin matsattsen takalmi na hana jini zagayawa, sai ƙafar ta ƙara sanyi maimakon ta ɗumama. Ga ƙananan yara, safar hannu mai haɗe yatsu wuri ɗaya ta fi mai rabe-rabe riƙe ɗumi. A saka safar ƙafa da ta hannu na canji a cikin leda a jaka. Ba su da nauyi, amma su ke ceton rana idan yaro ya taka kududdufi ko ya dunƙula dusar ƙanƙara da hannu. Dogon mayafin wuya mai lilo a cusa shi cikin riga kafin a hau kowane abin hawa, don kada ya maƙale a ƙarfe.

Wanda aka fi mantawa da shi shi ne jaririn da ke cikin keken turawa. Na koyi wannan ne a wani dandali da muka je da 'yata tana da shekara biyu. Mu manya muna ta tafiya, jikinmu da ɗumi, ita kuwa tana zaune shiru cikin bargo, na ɗauka fitilu ne suka ɗauke mata hankali. Sai da na durƙusa zan gyara mata hula, na ga safar hannunta ɗaya ta faɗi tun ban san yaushe ba, 'yan yatsun sun yi ja sun yi sanyi ƙalau, ta ƙanƙame su a ƙirji ba ta ko kuka. Na zura hannun cikin rigata a hammata muka nufi ɗakin cin abinci mafi kusa, sai da ta ɗumama sannan ta fashe da kuka, kuma ban taɓa jin daɗin kukan yaro kamar na wannan daren ba. Wanda ba ya motsi ba ya samar da ɗumi, ƙananan yara kuma sun fi manya saurin rasa shi. Tun daga ranar, duk bayan ɗan lokaci nakan taɓa wuya da hannu da ƙafar wanda ke zaune, ko ya yi ƙorafi ko bai yi ba.

Yanzu ga tsarin yinin. Ku nemi lokacin faɗuwar rana a garin da za ku, ku ƙirga baya daga nan. A Kofanhagan a tsakiyar Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, yinin duka bai wuce kimanin awa 7 ba. A yankin Paris kuma wajen ƙarfe 5. Tunda fitilu su ne ainihin abin da aka zo gani, kuma ba sa fito da kyansu sai duhu ya shiga, ba hikima ba ce a iso da ƙananan yara da sassafe a ƙarar da ƙarfinsu kafin almuru. A ganina iyali mai yara 'yan ƙasa da shekara shida su iso da hantsi ko kusa da tsakar rana. A fara da lilon waje a lokacin da rana ke sama kuma sanyi ya fi sauƙi, a ci abinci mai zafi kafin ko bayan lokacin da kowa ke tururuwa, sannan a shiga wasan kwaikwayo ko wani abin hawa na cikin gini kamar awa ɗaya kafin faɗuwar rana. Ta haka za a fito da ɗumi a jiki daidai lokacin da sama ta yi shuɗi mai duhu, fitilun bishiyoyi suna kamawa ɗaya bayan ɗaya, wanda shi ne mafi kyawun lokaci a dukan yinin, har ga mai son ɗaukar hoto. Bayan haka kada a wuce awa ɗaya a waje ba a leƙa wuri mai ɗumi ba, kuma a riƙa ba yara ruwa, domin sanyi na ɓoye ƙishirwa.

Jerin gwano da wasan wuta na buƙatar shawara tun da wuri. Samun wuri a gaba na nufin tsayuwa ko zama a ƙasa mai sanyi na tsawon lokaci, abin da ba kowane yaro zai jure ba. Idan manya biyu ne, ɗaya ya riƙe wuri, ɗayan ya zagaya da yara har lokaci ya kusa. A shimfiɗa wani abu mai kauri kafin yaro ya zauna. Idan ana jerin gwanon sau biyu, na biyun yakan fi ƙarancin jama'a. Jariri da duk yaron da ƙara ke firgitawa a sa musu abin toshe kunne, a kuma tsaya ta gefen da ke kusa da hanyar fita. A filin zamiya, safar hannu wajibi ce ko da ba a jin sanyi, saboda takalman zamiya suna da kaifi kuma mai koyo hannu yake kaiwa ƙasa idan ya faɗi. In ana bayar da hular kwano, a karɓa.

Ɓacewar yaro ta fi sauƙi a wannan lokaci, domin ga duhu, ga cunkoso, ga shi kusan kowa sanye da baƙar riga da hula. A sa wa yara hula ko riga mai launi mai haske, a ɗauki hotonsu a bakin ƙofa da kayan da ke jikinsu, a rubuta lambar waya a takarda a sa a aljihu. A nuna musu irin tufafin ma'aikatan wurin, a ce musu idan sun nemi iyaye sun rasa su tsaya inda suke, su gaya wa mai irin wannan tufafi. Wayar ma tana jin sanyi: batirinta kan zube da sauri, har ta mutu alhali tana nuna saura caji. Tunda tikiti da taswira galibi suna cikinta, a ajiye ta a aljihun ciki kusa da jiki, a tafi da batirin ko-ta-kwana, a kuma buga tikitin a takarda.

Akwai alamun da idan an gan su, shagali ya ƙare. Makyarkyatar da ba ta tsayawa, ko magana ta soma sarƙewa, ko yaro ya yi laƙwas yana neman barci ba gaira ba dalili, duk suna iya nuna cewa zafin jiki na faɗuwa, kuma idan ya sauka ƙasa da digiri 35 abin ya zama na gaggawa. Idan fatar yatsa ko kunne ko hanci ta yi fari ta daina jin taɓi, kada a murza ta, kada kuma a kanga ta a wuta. A shiga ɗumi, a cire jiƙaƙƙun kaya, a nufi ɗakin taimakon gaggawa na wurin, wanda ya kamata ku gano inda yake a taswira tun shigowarku. A ƙasashen Tarayyar Turai lambar neman agaji ita ce 112, a Amurka kuma 911.

Maganar saye-saye ba ta da tsawo: a yi yarjejeniya tun a gida cewa kowa tsaraba ɗaya zai samu, kuma sai za a fita, don kada a yini ana dakon kaya da daskararrun hannuwa.

Ku bar wurin tun yaran suna da sauran ƙarfi, ko kafin wasan wuta na ƙarshe ko kuma bayan taron ya ragu, domin fita tare da dubban mutane a lokaci ɗaya na nufin wata doguwar tsayuwa a sanyi wajen jiran jirgi ko bas. Idan da mota kuka zo, ku kula da santsin ƙanƙara a wurin ajiye motoci, inda haske ya fi ƙaranci. Kafin a ɗaure yaro a kujerarsa ta mota, a cire masa babbar rigar sanyin, saboda kaurinta na sa bel ya yi kamar ya kama alhali akwai sarari tsakaninsa da jiki. A ɗaure shi da kayan ciki, a ja bel ɗin ya zauna daram a ƙirji, sannan a lulluɓa masa rigar ko bargo a sama.